Ƙwaryar Nono a Bayan Direba

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Yayana, wanda muke ciki ɗaya, ya riga mu gidan gaskiya ranar wata Talata da hantsi a babban asibitin Birnin Kudu, bayan jinyar da ba ta cika mako biyu ba. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Ni ban taɓa riƙe alƙalami ba. Jikata, wadda ke aikin jinya a asibitin, ita ke rubutawa ina faɗa, kuma duk inda muka tsaya sai ta karanta min daga farko, don na san halin 'yan boko: ka ba su tuwo su dawo maka da fate.

Kwana bakwai na yi a gidan makoki, kuma ban zauna a ƙuryar ɗaki inda mata ke ba. Na sa an shimfiɗa min tabarma a bakin soro ta ciki, inda zan ga mai shiga in kuma ji abin da maza ke faɗa a waje. Direbobi sun zo kamar an yi shela. Motocin haya sun cika layin har masu babur suna zagayawa ta bayan gida. Kowanne ya shigo gaishe mu, sai ya durƙusa ya ce, "Goggo, ya haƙuri? Ai ubanmu ne ya tafi. Shi ya koya min tuƙi."

Ba na cewa komai sai ya miƙe zai fita, sannan in dubi ƙeyarsa. Fuskokin waɗanda Yaya ya koya wa ban riƙe su ba, amma ƙeyarsu na sani ɗaya bayan ɗaya, don a bayansu na zauna. Wani Alhaji mai tumbi ya zo yana kaɗa makullin mota a yatsa, ya fi kowa sharar hawaye, wai shekara uku ya yi a hannun marigayi. Na ce, "Juya in gani." Ya juya. Na ce, "Allah ya ba da lada, Alhaji. Amma wannan ƙeyar ba ta taɓa zama a gabana ba." Matan da ke kusa suka sunkuyar da kai. Matar Yaya ta ce min, "Haba Goggon yara, a gidan makoki?" Na ce a gidan makoki ƙarya ta fi arha, don mai ƙaryatawa yana ƙasa.

A rana ta uku, bayan an shafa addu'a, na ji wani dattijo daga cikin manyan tasha yana cewa, "Direba kam an yi. Ba don tsautsayin nan na gangare ba, da sai a ce bai taɓa kuskure ba. To, tsufa ba shi da magani. Ƙafa ta yi nauyi bai sani ba." Sauran suka ce, "Allah ya yafe masa." Ta kafar ƙyaure na hangi mutum guda ya tsame hannu daga kwanon shinkafa, ya tashi, ya bar wurin ba tare da takalminsa ba.

Ɗana ne na fari. A wajenmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta jan shi a jiki, ba ta ma yi masa magana kai tsaye in ba dole ba. Tun da aka yaye shi Yaya ya ɗauke shi. Yaya yake kira Baba, ni kuma Goggo, kamar sauran 'ya'yan gidan. Shi ne uban wannan mai rubutun. Ku riƙe shi a ranku, zan dawo kansa.

Mu mutanen ƙauye ne a yankin Farin Dutse, masu 'yan shanu da gona. Yaya ne ya fara barin sanda ya bi mota, har mahaifinmu ya yi shekara bai amsa gaisuwarsa ba. Ya koyi tuƙi a hannun wani mai gingimari, mutum mai zafin hannu. In giya ta yi ƙara, sai maigidan ya kwaɗa masa sifana a gwiwa. Har ya rasu akwai ƙulli a gwiwarsa ta hagu, kuma in hadari ya haɗu takan yi masa ciwo. Ya sha cewa, "Ni da gwiwa na biya kuɗin makaranta." Da ya samu bas tasa yana jigila tsakanin Birnin Kudu da Gwaram da ƙauyukanmu, ya rantse ba zai taɓa dukan mai koyo ba. Amma ya rasa abin da zai maye gurbin sifana, sai da ya same ni.

Ran wata kasuwar Gwaram na shiga motarsa da ƙwaryar nono a cinya, ban san ya ba wani yaronsa sitiyari ba. Tashin farko motar ta yi tsalle kamar an tsikari jaki, nono ya wanke min zani har ƙafa. Tun daga nan har Gwaram ban rufe baki ba, na zage yaron tas, na haɗa da wanda ya ba shi mota. Yaya yana gaba yana ta dariya har da riƙe ciki. Da muka sauka ya ce, "Ƙanwata, yau na samu alƙali."

Daga ran nan ta zama doka. Duk wanda Yaya ya koya wa, ba zai karɓi makulli ba sai ya ɗauke ni daga ƙauye zuwa Gwaram, ina kujerar da ke bayan direba, ƙwarya a cinyata cike har saura yatsa biyu, an ɗauke faifan. Ramukan hanya ba a lissafa su, don na san yadda ake karkata ƙwarya a bi rami. Abin da ba a iya karewa shi ne fizgar giya. In ta fizga, nono zai faɗa. In mun isa sai Yaya ya juyo ya ce, "Alƙali, yaya?" In na ce ya zuba, yaro ya koma riƙon weji, wato icen da ake tokare taya da shi, sai bayan wata uku a sake.

Ni ban taɓa taɓa sitiyari ba, amma cinyata ta san giya fiye da rabin masu lasin na yanzu. Na ji karatun sau ba adadi. Yaya yakan sa mai koyo ya cire takalmi, wai tafin ƙafa ne ke jin inda kulochi ke kamawa. Yakan hana a damƙi sandar giya. "Yatsa uku," in ji shi. "Giya ba taɓarya ba ce, ba daka za ka yi ba." In ya ga idon yaro ya sauka kan hannunsa sai ya ce, "In za ka kai loma baki, duban hannun kake yi?" In ƙafa ta daɗe a kan kulochi ya ce, "Sauke. Ba matashin kai ba ne." Wata guda cur mai koyo zai yi a gefensa bai taɓa komai ba, aikinsa kawai in injin ya kai lokacin canji ya ce "yanzu". In ya riga lokaci ko ya makara, Yaya ya yi tsaki kawai, kuma tsakinsa ya fi sifana ciwo.

Shi da kansa irin tuƙin manyan motoci yake yi har a ƙaramar bas: ya taka kulochi ya fitar da giya, ya saki, ya ɗan ba da wuta, ya sake takawa ya shigar. Yara suna ce masa motocin yanzu ba sa bukatar haka. Ya ce, "Ni ma ba na bukatar sallama in zan shiga gidana, amma ina yi." In ana koyon tashi a kan tudu, hularsa yake cirewa ya ajiye a bayan tayar baya. Wanda ya bari mota ta zame ta taka hular, shi zai wanke ta ya kuma ɗora ta a kan Yaya a gaban 'yan tasha.

Amma maganar da ya fi nanatawa, wadda ko a bacci aka tashe ni zan faɗa, ita ce ta gangare. A hanyar ƙauyenmu akwai wani dogon gangare na burji da ke sauka zuwa rafi, ko ta wane ɓangare ka fito sai ka gangara. Duk sanda muka iso kansa sai ya ce, "Giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka." Ya tsani firi, wato a fitar da giya a bar mota ta gangara da kanta don a tsimi mai. Da mai ya yi tsada, yawancin direbobin da suka biyo bayansa haka suke yi. Yakan ce, "Mota a firi saniya ce ba igiya. Kana tafe a bayanta kana cewa taka ce."

Sai ga zamanin su jikata. Ita mako uku ta yi a wata makarantar koyon tuƙi a birni, da malami mai nasa birkin a gefe, sauran kuma a waya ta kalla. Ta dawo da takarda da wata mota otomatik mai abin takawa biyu kacal. Ni tun ran farko ban yarda da motar ba. Abin da ke canja wa kansa giya ba tare da an tambaye shi ba, ba ka san ran da zai canja ra'ayi ba. Na zaci Yaya zai fi ni kushe ta. Sai ya ce, "Amaryata, zo ki zaga da angonki." Ta ce, "Wane ango, tsoho da kai ba haƙori? Shiga, amma kada ka taɓa min komai." Suka zaga gari ina baya. Ƙafarsa ta hagu tana ta laluben ƙasa. Ya ce, "Wayyo, ƙafar nan ta zama marainiya." Da muka dawo na ce, "To, ka ji tuƙin 'yan gata." Ya ce, "Motar tana da kunne, ta iya canji. Yarinyar kuma tana da tsoro. Wanda ke da tsoro ya yi rabin karatu." Ya kira ta ya nuna mata inda za ta mayar da sandar in za ta sauka gangare, ya ce ko motar da ta fi kowa wayo kada a sake mata igiya. Malaminta na birni bai taɓa nuna mata wurin ba.

A lokacin ya haura shekara ashirin rabonsa da tuƙi. Dalilin shi ne abin da dattijon nan ya ambata a wurin makoki.

Wata damina ce. Bas ɗin Yaya ta taso daga ƙauye da lodin buhuna, ba fasinja, daga shi sai ɗan farin nan nawa, wanda a lokacin ya shekara biyu da karɓar makulli. A gangaren motar ta ƙwace, birki ya ƙi riƙe ta, ta faɗa kwazazzabon bakin rafi. Ba a rasa rai ba, amma buhu ya faɗo wa wata mata da ke wanki, ƙafarta ta karye, har yau tana ɗingishi. Kafin mutane su iso, Yaya yana tsaye a ƙofar direba. Ya ce, "Ni ne." Manyan tasha suka zauna suka ce ya huta haka nan. Ya rataye makulli bai yi musu ba. Daga ran nan ba uban da ya sake kawo masa ɗa koyo, ƙwaryata ma ta koma ta kasuwa kawai. Shi ya riƙa kai matar nan wurin mai ɗori a motar wasu, yana zaune a baya kamar kowane fasinja.

Kowa ya yarda, ban da ni. Ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da bai taɓa zubar min da ɗigon nono ba, shi zai saki mota a gangaren da ya fi sanin sa fiye da tsakar gidansa? Na je na ga motar bayan an jawo ta. Na shiga na zauna a wurina. Yaya gajere ne, in shi ke tuƙi har miƙe ƙafa nake yi. Ran nan gwiwata ta tokari bayan kujerar direba. An ja ta baya, irin jan dogon mutum. Na kuma lura raunin Yaya a kafaɗar dama yake, ɓangaren ƙofar mai zaman gefe. Ɗan farin nawa kuwa ya yi wata guda yana dafe ƙirji in zai tashi, daidai inda sitiyari ke bugu.

Na sami Yaya a soronsa. Na ce, "Yaya, wace giya ka sa ran nan?"

Ya ce, "Tsufa na sa."

Na ce, "Ƙarya ba ta kamace ka ba. Ka zubar da sunanka a kwazazzabo don wa?"

Ya daɗe yana duban zanin da ke jikina, sannan ya ce, "Ƙanwata, kowa ya riƙe ƙwaryarsa."

Na tashi na fita. Daga daminar nan har Babbar Sallah ban taka gidansa ba. Mutane sun ɗauka fushi nake da shi don ya ɓata mana suna. Shi ya fara zuwa, da cinyar rago a leda, ya zauna ya yi ta hirar shanu kamar ba a yi komai ba. Ba mu sake tayar da maganar ba har ya koma ga Allah. Wancan kuma ba ni da bakin tambayarsa. Shekara da shekaru ina kallonsa daga nesa: an gyara motar ya ci gaba da jan ta, ya zama direban da ake misali da shi, gemunsa ya yi fari, har ana kawo masa yara koyo. Ina zargi, ina kuma tsoron zargin, don na san inda igiyarsa za ta ƙare.

A nan jikata ta ajiye biro ta ce, "Kaka, wannan ma in rubuta?" Na ce ta rubuta, wanda ke tafe ya fi shi nauyi.

Ran da aka gwada ubanta, karo na uku ke nan. Sau biyu nono yana zuba ina faɗa, har 'yan tasha suna yaba ni, suna cewa Goggo ba ta san ɗa ba. Ya riga ya yi aure, matarsa da cikin wannan yarinyar, sa'o'insa duk sun karɓi makulli, shi ana ce masa sarkin weji. A karo na ukun ya yi kyau tun daga ƙauye, har muka iso gangaren. Ya shiga da giya babba, ya ga motar tana gudu, ya nemi ƙarama a makare, ta fizga. Nono ya yi tsalle ya sauka a cinyata, sanyinsa har yau ina jin sa. Yaya yana gaba bai waiwayo ba. Na ja mayafi na rufe.

Tunda na haife shi ban taɓa ba shi komai a gaban mutane ba, ko kiran suna. Ran nan na ce bari in ba shi wannan.

A Gwaram Yaya ya juyo ya ce, "Alƙali, yaya?" Na ce, "Bai zuba ba." Ya dubi fuskata, ya dubi ƙasa inda na sauke ƙafa. Ya ciro makulli ya miƙa masa.

Ran addu'ar bakwai, da aka watse, jikata ta ce za ta mayar da ni ƙauye a motarta. Na ce a'a, ta gaya wa babanta ya kawo bas. Cikin nonon da dangi suka kawo wa masu makoki na cika ƙwarya har saura yatsa biyu. Da ya ga na fito da ita ba faifai, ya tsaya riƙe da ƙofa kamar an dasa shi. Na shiga na zauna a bayansa, gwiwata ta tokari kujera.

Muka tashi daga Birnin Kudu muka nufi Gwaram. Na lura ya cire takalmi. Yatsa uku a kan sanda. Yana taka kulochi sau biyu, irin na Yaya, abin da ban san yana yi ba. Muka bar kwalta muka hau burji. Tun kafin gangaren ya rage gudu, ya sa giya ta biyu, motar ta riƙa sauka tana gurnani a hankali kamar saniyar da aka riƙe wa igiya. Nonon ko motsi bai yi ba.

Da muka kai tsakiya, na dubi ƙeyarsa na yi abin da ban taɓa yi ba, na tambaye shi kai tsaye. Na ce, "Ran nan wace giya ka sa?"

Sai da muka ƙetare rafin ya tsayar da mota a gindin wata ɗorawa. Bai juyo ba. Ya ce, "Firi, Goggo. Baba ya ɗan rintsa, na ce bari in tsimi mai."

Na ce, "Ka bar shi ya ɗauka."

Ya ce, "Na roƙe shi har da kuka. Ya ce in na buɗe baki bai yafe ba. Ya ce ba laifina ba ne ni kaɗai. Wai ran da ya ba ni makulli ya ga nono yana ɗiga daga bakin zaninki zuwa ɗan yatsan ƙafarki. Ya ce ya gani ya ba ni, don bai iya ƙaryata ƙanwarsa a tsakiyar tasha ba. Wanda ya gani ya yi shiru, in ji shi, shi ne direban motar."

Ashe duk shekarun nan da nake zargin kowa, shi ya san komai, kuma ko sau ɗaya bai goranta min ba. Cinyar rago ya kawo min.

Na ce, "Ya hana ka magana yana raye. Yanzu ana zaune a ƙofar gidansa ana cewa ƙafarsa ce ta yi nauyi."

Ya ce, "Na ji. Shi ya sa na kasa cin abincin."

Abin da ya sa na sa aka rubuta wannan ke nan. Ran addu'ar arba'in direbobi za su sake taruwa, kuma a gabansu za a karanta. Kafin nan za mu je wurin matar nan mai ɗingishi, ni da ɗan farin nawa, ta ji daga bakinmu, ta yafe ko ta ƙi. Na san akwai iyayen da za su janye 'ya'yansu daga hannunsa, na san kuma 'yan tasha za su daina cewa Goggo ba ta san ɗa ba. Su daina. Yaya bai taɓa sakin mota a gangare ba, ƙafarsa kuma ba ta yi nauyi ba har ranar da aka miƙe ta.

Na ce jikata ta karanta, ubanta ya ce a'a, da bakinsa zai karanta. Na yarda, amma zan sa a shimfiɗa min tabarmata a bakin soro. Na san shi, jinin Yaya ne, kuma shi ya rene shi. Zai so ya tsallake wurin mayafin nan ya bar laifin a kansa shi kaɗai. Na sa an karanta min takardar har na haddace ta. In ya tsallake, daga cikin gida zan ɗaga murya in ce ya zuba.

Allah ya jiƙan Yaya, ya yafe masa shirun da ya yi dominmu, ya sauƙaƙa masa saukar kabari kamar yadda shi ma ya sauƙaƙa wa bayin Allah saukar gangare. Mu da muka rage, Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya tun ƙwarya tana hannunmu. Amin.